Matani da Hashiya a Jikin Gini: Tarken Ƙofar Holsten ta Birnin Lubek

1.0 Gabatarwa

Malaman da suka saba da tsofaffin littattafai na rubutun hannu sun san wata illa da takan sami littafi idan ya daɗe yana yawo a hannun masu kwafe. Wani almajiri zai rubuta bayaninsa a gefen shafi, wato hashiya, domin ya sauƙaƙa wa kansa karatu. Bayan shekaru sai wani mai kwafe ya zo, ya ɗauka cewa bayanin nan na mawallafi ne, ya shigar da shi cikin matani. Daga nan duk wanda ya karanta littafin sai ya jingina wa mawallafi maganar da bai taɓa yi ba. Babban aikin manazarci a irin wannan hali shi ne ya rarrabe matani da hashiya, ba tare da ya wulaƙanta ɗayansu ba.

Wannan maƙala za ta gwada wannan ma'auni a kan gini, wato Ƙofar Holsten da ke birnin Lubek a arewacin Jamus, wadda tana daga cikin shahararrun ƙofofin birni da suka rage a Turai. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙofar da mai ziyara yake gani a yau aikin zamani biyu ce: ƙarni na 15 ya rubuta mataninta, ƙarni na 19 da na 20 suka yi mata hashiya, kuma hashiyar ta shige cikin matanin har ta sauya masa ma'ana. Hukuncin da za a yanke wa masu gyaran zai dogara ne a kan tambaya guda: shin sun bar wa mai kallo hanyar gane inda hannunsu ya taɓa?

2.0 Abin da Ido ke Gani

Wanda ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Lubek, ya nufi gabas wajen tsohon gari, zai haye gada ya iske wani dogon fili mai ciyawa. A bakin filin akwai zakoki biyu na ƙarfe a kwance, ɗaya yana barci, ɗaya idonsa biyu. A ƙarshen filin ne ƙofar take: hasumiyoyi biyu masu kauri, kewayayyu, kowace da rufi mai tsini kamar jinka, an haɗa su da wani gini a tsakiya wanda mashigi ya ratsa ta ƙarƙashinsa. An gina ta da gasasshen tubali, ana jera layin ja a bi shi da layin baƙi mai sheƙi. Hasumiyoyin sun karkata, kamar tsofaffi biyu da ke raɗa. Motoci suna wucewa ta dama da hagu, mashigin kuwa an bar wa masu tafiya a ƙasa. Bayan ƙofar akwai kogin Trave, bayan kogin kuma ga tsohon gari da tsinin hasumiyoyi bakwai na majami'unsa biyar.

Ƙofar tana da fuska biyu, kuma ba su yi kama da juna ba. Fuskar da ke kallon waje murtuke take: tagoginta kaɗan ne, ƙanana, yawancinsu kafofin harbi ne, kaurin bangonta ya kai mita uku da rabi. Fuskar da ke kallon gari kuwa cike take da ado da jerin tagogi, bangonta kuma siriri ne ƙwarai idan aka gwada shi da na waje. Wannan bambanci shi ne zuciyar ginin. Maginan sun yi wa baƙo magana da harshe ɗaya, sun yi wa ɗan gari da wani.

3.0 Matanin Asali

Ba a iya karanta wannan matani sai an san halin da birnin yake ciki sa'ad da aka rubuta shi. An kafa Lubek a 1143, aka sake kafa shi a 1159 a ƙarƙashin Henry mai laƙabin Zaki. A 1226 Sarkin Daular Rum ta Jamusawa, Frederick na Biyu, ya ba shi 'yancin mulkin kansa, ba ya bin kowane hakimi sai sarkin daula. Dukiyarsa daga fatauci ta zo. Gishirin Luneburg yakan biyo ta Lubek a kai shi gaɓar Tekun Baltik inda ake adana kifi da shi, kayan arewa kuma su biyo ta nan su gangara kudu da yamma. Ta haka birnin ya zama jagoran ƙungiyar biranen fatake da ake kira Hansa, a nan ne kuma aka saba yin babban taronta.

A 1460 sai Sarkin Denmak, Christian na Ɗaya, ya zama mai mulkin ƙasashen Schleswig da Holstein. Ke nan maƙwabcin da ke bakin ƙofar yamma ta Lubek ya zama sarki mai ƙarfi, wanda ƙasarsa ta daɗe tana takun-saƙa da biranen Hansa a kan hanyoyin teku. Shekara huɗu bayan haka, a 1464, aka fara gina Ƙofar Holsten a ƙarƙashin babban maginin birni, Hinrich Helmstede, aka gama a 1478. Sunan ƙofar ma daga Holstein ya samo asali, domin nan ta fuskanta. Zamanin kuwa na igwa ne, shi ya sa aka yi bangon waje da kauri haka.

Akwai abu biyu game da matanin asali da mai ziyara ba zai iya ganinsu a yau ba. Na farko, ƙofar ba ita kaɗai take ba. Ita ce ta tsakiya a jerin ƙofofi da mai shigowa daga yamma zai bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai ta ciki a ƙetaren kogi, jikin ganuwar gari. Daga baya kuma aka ƙara biyu a wajenta, ɗaya daga cikinsu a 1585, tare da tudun ƙasa da gwalalo. Na biyu, ƙofa wurin aiki ce. Ana buɗe ta da safe, a rufe da dare. A nan ake tsayar da amalanke, a tambayi baƙo, a karɓi harajin kaya. A Hambug, maƙwabciyar Lubek, sai a ƙarshen 1860 aka daina al'adar rufe ƙofofi da dare da karɓar kuɗi daga wanda ya makara, Lubek kuma ta biyo baya da 'yan shekaru. Duk ma'anar ginin ta rataya ne a kan cewa babu wata hanyar shiga sai ta cikinsa.

Ko karkatar da take burge masu ɗaukar hoto tana cikin matanin asali, amma a matsayin kuskuren magina. Ƙasar wurin fadama ce, ginin kuma yana da nauyi, saboda haka tun da wuri ya fara nutsewa, sassansa ba su nutse daidai da juna ba. Har kafofin harbi na hawan ƙasa sun koma ƙarƙashin doron ƙasa.

4.0 Yadda Hashiya ta Shiga Matani

4.1 Gogewa

Hashiya ta farko gogewa ce. A watan Nuwamba na 1806 rundunar Faransa ta ci Lubek da yaƙi, ta kuma fasa garin ne ta ƙofar arewa, wadda ake kira Burgtor. Ya tabbata ga kowa cewa ganuwa ta daina tsare gari. An rushe ƙofar can waje a 1808, ta ciki a 1828, sa'an nan ta 1585 ta tafi a 1853 domin a sama wa jirgin ƙasa da tasharsa wuri. Ta tsakiyar ma da ƙyar ta sha. Ta tsufa, ta karkata, masu son ci gaba suna ganin ta tare hanya. Aka daɗe ana jayayya, har a 1863 majalisar birni ta yanke shawarar a bar ta a gyara, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak.

Wannan ƙuri'a ta ceci tubalin ƙofar, amma ba ta ceci mahallinta ba. Kalmar da aka cire daga jumla aka ajiye ita kaɗai a tsakiyar shafi tana nan da haruffanta, sai dai aikinta na nahawu ya ƙare. Haka ƙofar da babu ganuwa a damanta da hagunta. Yaro yana iya zagaya ta a guje, wanda ya bi ta cikinta kuwa don sha'awa ya bi. Dogon filin ciyawar da ke gabanta ya ƙara tabbatar da wannan sabon matsayi, domin an shirya shi ne yadda ido zai hango ginin daga nesa gaba ɗaya, alhali matafiyin ƙarni na 17 bai taɓa ganinta haka ba, saboda wasu gine-ginen tsaro sun tare ta. Zakokin nan biyu ma aikin ƙarni na 19 ne, ba don ƙofar aka ƙera su ba, daga baya aka kawo su wurin.

4.2 Ƙari

Hashiya ta biyu ita ce wadda ta fi dacewa da mai nazarin harshe. A saman mashigi, a fuskar waje, akwai kalmomi huɗu na Latin da haruffan zinariya: CONCORDIA DOMI FORIS PAX, wato haɗin kai a gida, lumana a waje. Kusan duk mai ziyara yakan ɗauka cewa muryar fataken ƙarni na 15 yake ji. Gaskiyar magana ita ce, an sa rubutun ne a 1871, lokacin da aka kammala gyara. An ɗauko shi daga ƙofar 1585 da aka rushe, aka kuma taƙaita shi.

Taƙaitawar ba ƙaramin abu ba ce. Rubutun da ke kan rusasshiyar ƙofa cikakkiyar jumla ce, mai ɗauke da abin da ya yi daidai da dirka a nahawun Hausa, wato "ne" ko "ce". Cewa take yi haɗin kai a gida da lumana a waje abu ne mai kyan gaske. Wannan hukunci ne a kan abin da ya kamata a nema, kuma mai faɗarsa yana iya zama wanda bai samu ba. Da aka yanke rabin jumlar, sai sunaye biyu da wurare biyu suka rage, babu mai magana, babu lokaci. Magana ta tashi daga nasiha ta koma kirari. Mai karatu yana iya ɗaukarta a matsayin bayanin yadda Lubek take tun fil azal, alhali tarihin birnin ya san tawayen masu sana'a a kan majalisar attajirai, ya san yaƙe-yaƙe da Denmak. Shekarar da aka rubuta ta ma abin lura ce. A 1871 ne aka kafa sabuwar Daular Jamus bayan yaƙi da Faransa, Lubek kuma ta shiga cikinta a matsayin ƙaramar jiha. Birnin da ƙarfinsa ya daɗe da gushewa, wanda taron Hansa na ƙarshe ya gudana a cikinsa tun 1669, shi ne ya ɗora kalmar lumana a tsakanin kafofin igwa.

A fuskar gari ma an yi irin wannan. An rubuta haruffa huɗu, S.P.Q.L., kwaikwayon taken tsohuwar Rum, ma'ana majalisa da jama'ar Lubek. A gefensu aka sa shekaru biyu, 1477 da 1871. Ta farkon ita ce aka zaci shekarar gama ginin, bincike kuma ya nuna 1478 ce. Har ila yau, ɗamarar ado ta gasasshen yumɓu da ta kewaye ginin sau biyu, mai zanen furanni da ganye, kusan dukkanta aikin masu gyaran ƙarni na 19 ce, waɗanda suka bi tsohon zane gwargwadon fahimtarsu.

4.3 Mallakewa

Da ƙofar ta rabu da aikinta, sai ta zama allo wanda kowane zamani yake rubuta abin da ya ga dama. A 1933 zuwa 1934 an yi mata babban gyara da ƙarfe da kankare, wanda ya tsayar da nutsewarta, wannan kuwa alheri ne. Amma gwamnatin 'yan Nazi ta mayar da cikinta ɗakin nuna tarihi bisa aƙidarta, aka kuma sa alamar jam'iyyar a jikin ginin. Gwamnatin nan ce a 1937 ta soke 'yancin da birnin ya riƙe tun 1226. Alamar ta zauna a wurin har lokacin gyaran 2005 zuwa 2006, sa'ad da wasu da ba a gane ba suka sare ta suka tafi da ita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙofar ta zama gidan tarihin birni. Hotonta ya hau takardar kuɗi ta mak 50 ta Jamus ta Yamma daga farkon shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1990, ya hau kwabon yuro 2 na 2006, yana kuma jikin kwalin alewar da birnin ya yi suna da ita. A 1987 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Lubek cikin jerin wuraren gado na duniya. Ginin da aka yi don ya tsorata baƙo shi ne yanzu yake kiran baƙi.

5.0 Ra'ayoyin Masana

Jayayyar da aka yi a Lubek reshe ce ta wata babbar muhawara da ta raba masanan Turai a ƙarni na 19. A Ingila, John Ruskin, a littafinsa na 1849 a kan gine-gine, ya tafi a kan cewa mayar da tsohon gini sabo halaka shi ne, domin hannun da ya yi shi ya mutu, abin da za a samu jabu ne kawai; a kula da gini, a tokare shi, idan ajalinsa ya zo a bar shi ya faɗi da mutuncinsa. A Faransa kuwa, Viollet-le-Duc yana ganin aikin mai gyara shi ne ya cika gini har ya kai kamala, ko da bai taɓa kasancewa a wannan kamala ba a wani zamani. Da wannan ra'ayi ya ɗora wa hasumiyoyin ganuwar Karkason sababbin rufi tun daga shekarun 1850. A farkon ƙarni na 20 masanin Jamus Georg Dehio ya goyi bayan adanawa a kan sabuntawa. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta nemi tsaka-tsaki: gyara ya tsaya a inda zato ya fara, duk abin da aka ƙara kuma ya zama ana iya gane na zamaninsa ne.

Kowane ɓangare yana da rauni idan aka auna shi da Ƙofar Holsten. Da an bi Ruskin sau da ƙafa, da fadama ta ci ginin, domin tokara ba ta maganin nutsewa. Da an bi Viollet-le-Duc har ƙarshe, da an sake gina ƙofofin da aka rushe bisa zato, garin neman gira a rasa ido. Birnin kansa ya nuna cewa ya san wata hanya ta uku. A daren 28 zuwa 29 ga Maris na 1942 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Lubek ruwan wuta, ƙararrawar Majami'ar Maryamu suka faɗo daga hasumiya suka farfashe. An sake gina majami'ar, amma aka bar ɓaraguzan ƙararrawar a inda suka faɗi. Mai shiga wurin ba ya bukatar jagora kafin ya san abin da aka gyara da abin da aka rasa.

6.0 Hukunci

Idan aka koma ga tambayar da aka yi a gabatarwa, masu gyaran 1871 sun ci rabin jarrabawa. Abin yabo ne da suka rubuta shekararsu kusa da ta magina na farko, kamar yadda mai kwafe na kirki yakan rubuta sunansa da ranar da ya gama a ƙarshen littafi. Wanda ya tsaya a fuskar gari ya ɗaga kai zai ga cewa hannu biyu ne suka yi aikin. Inda suka gaza shi ne fuskar waje, wadda ita ce kowa yake ɗauka hoto. A can babu shekara, babu wata alama da za ta nuna cewa kalmomin zinariyar aro ne daga wani gini, kuma guntu ne na wata jumla. Nan ne hashiya ta shiga matani ba tare da sallama ba.

Wannan ba ya nufin a kankare rubutun. Ya haura shekara 150 a wurin, ya zama shaida a kan yadda mutanen 1871 suke son a tuna da kakanninsu, wannan ma tarihi ne. Haka nan sare alamar 1934 a ɓoye, duk da munin abin da take wakilta, ya ɗauke wata shaida daga jikin gini ba tare da shawarar jama'ar birni ba. Abin da ake nema ga mai kula da irin wannan wuri shi ne ya bar kowane rubutu a inda yake, ya kuma faɗi wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Abin da ake nema ga mai ziyara mai ilimi kuwa shi ne ya zagaya ginin sau biyu: sau ɗaya yana duban abin da ke tsaye, sau ɗaya yana lissafin abin da aka kawar.

7.0 Kammalawa

Manazarcin al'adun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Shekarun da ake gina Ƙofar Holsten sun faɗo cikin zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kuma faɗaɗa ganuwar birnin. Ƙofofin Kano, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, sun ga abin da ta Lubek ta gani: mota ta nemi hanya, an faɗaɗa, an sake gini da siminti, badala kuma ta zaizaye a wurare da dama har ƙofa ta rage ita kaɗai. Sai dai bai kamata a ɗauko muhawarar Turai a ɗora wa ginin ƙasa yadda take ba. Gasasshen tubali yana iya shekara 500 hannu bai taɓa shi ba, ginin ƙasa kuwa da yaɓe yake rayuwa, wanda ya hana a taɓa shi ya yanke masa hukuncin rushewa. A nan abin da ya cancanci a adana ya haɗa da sana'ar magina, da sunayen ƙofofi, da sarautar masu tsaronsu, da labarin wanda ya shiga ta kowace da abin da ya shigo da shi.

Abin da ya haɗa wuraren biyu shi ne haƙƙin mai zuwa daga baya. Ɗalibin da zai tsaya gaban ƙofa, a Lubek ko a Kano, yana da haƙƙin ya san wane sashe ne na magina na farko, wane ne na masu gyara, me kuma aka rushe kafin a haife shi. Ƙuri'a ɗaya ta isa ta hana a rushe gini a 1863. Kiyaye ma'anarsa kuwa ya fi haka wuya, domin aiki ne da kowane zamani zai sake yi, ya kuma sa hannu a ƙarƙashin abin da ya ƙara.